Waiwaye: Yadda Sigarin Lantarki Ya Shiga Yaƙi Da Taba

A 1976 wani likita a Ingila, Michael Russell, ya rubuta cewa nikotin ne ke sa mutane shan taba, amma kwaltar da ke cikin hayaƙin ce ke kashe su. Daga nan tunanin ya samo tushe: in za a raba nikotin da hayaƙi, ai an rage mugun iri.

Da cingam mai nikotin aka fara, wanda aka ƙirƙiro a Suwidin. Ya taimaki wasu. Sai dai mashayi ya san jarabar ba a jini kaɗai take ba. Akwai saƙale kara tsakanin yatsu, da zuƙar farko bayan cin abinci, da fesar da hayaƙi ta hanci. Cingam ba ya biyan wannan buƙatar.

A 2003 Hon Lik, wani mai harhaɗa magunguna a ƙasar Sin, wanda ciwon dajin huhu ya kashe mahaifinsa, ya ƙera na'urar da ke mayar da ruwa mai nikotin tururi ba tare da an ƙona ganye ba, wato sigarin lantarki. Shi kansa mashayi ne na gaske, mafita yake nema.

Ingila ta karɓi abin hannu bibbiyu. A 2015 hukumar lafiyarta ta ce illarsa ba ta kai ta taba ba da kusan kashi 95 cikin 100, adadin da masana ke ta ja-in-ja a kansa har yau. Wani gwaji da aka wallafa a 2019 ya nuna kashi 18 na waɗanda aka ba na'urar sun bar taba bayan shekara guda, masu cingam da makamantansa kuwa kusan kashi 10. Amma fa kashi 80 na waɗanda suka bari ta hanyar na'urar har lokacin suna zuƙarta. An rabu da Bukar, an haifi Habu. Nikotin ba shi ne babban mai jawo daji ba, gaskiya ne, amma yana ƙara bugun zuciya, yana ɗaga jini, yana taɓa ƙwaƙwalwar matashi da ɗan tayi.

A Amurka yara ne suka ɓata lissafin. Wata irin na'urar mai suna Juul ta fito a 2015, siririya kamar filas ɗin kwamfuta, daga baya ta zo da ɗanɗanon mangwaro, 'yan sakandaren da ba su taɓa kunna ashana ba suka kamu. Indiya ta haramta na'urar gaba ɗaya a 2019. Ingila ma, a Yunin 2025, ta hana sayar da irin wadda ake sha a yar.

Hon Lik kuwa, a 2013 wani reshen kamfanin taba na Imperial ya saye haƙƙin ƙirarsa, ya kuma ɗauke shi aiki. Daga baya ya faɗa wa 'yan jarida cewa tururin yake zuƙa, sigarin ma bai daina ba.