Bizar Umara ba ta rikiɗewa ta koma igamar ɗalibi

Saƙonnin murya biyu ne ke yawo a zaurukan WhatsApp na ɗalibai da iyayensu, daga Madina har Kano da Maraɗi, kuma suna karo da juna. Na farko yana cewa Saudiyya ta rufe ƙofa, ta daina bai wa mutanenmu biza, waɗanda ke ciki ma za a bi su ɗaya bayan ɗaya a kwashe. Na biyu yana cewa ai yanzu ƙofa a wangale take, an soke kafili, wato mai tsaya wa baƙo, ka samu bizar Umara kawai ka shigo, in ka iso a gyara maka takardu ka shiga jami'a. Na farkon yana hana mutane barci a banza. Na biyun ya fi shi ɓarna, domin shi ne yake sa uba ya sayar da gona ya danƙa wa dillali kuɗi, yaron kuma ya ƙare a Shumaisi, gidan tarhil, wato wurin tsare baƙin da za a kora, da ke tsakanin Makka da Jidda, yana jiran jirgin da zai mayar da shi gida.

Maganar rufe ƙofa tana da inda ta samo tushe. A watan Afrilun 2025 an yi ta yaɗa wata takarda mai jerin ƙasashe, har da Najeriya, wai an hana su biza, sai da ma'aikatar harkokin wajen Najeriya ta fito ta ƙaryata ta. Abin da yake tabbas shi ne duk shekara in Hajji ya gabato ana tsaurara wa masu bizar ziyara da ta yawon buɗe ido, ana hana su shiga Makka ko zama a cikinta, ana kuma sa wa masu Umara ranar da dole su fita. Wannan tsari ne na aikin Hajji, bai shafi gurbin karatun kowa ba. Haka nan har yanzu ana kawo labarin jirgin nan na watan Nuwamban 2023, wanda ya tashi daga Legas ya biyo ta Kano da fasinjoji 264, aka soke bizar su a Jidda, aka dawo da 177. Mutane suna ba da labarin a matsayin hujjar cewa ba a son mu. Amma bayanin da ofishin jakadancin Saudiyya ya bayar a lokacin shi ne cewa an ba da bayanan da ba daidai ba don samun nau'in bizar da ba ta dace da matafiyan ba. Ko ka yarda da bayanin ko ba ka yarda ba, ya nuna maka abin da jami'in jawazat, wato hukumar shige da fice ta Saudiyya, yake dubawa: shin abin da ka zo yi shi ne abin da bizarka ta ce?

A watan Satumban 2022 majalisar ministocin Saudiyya ta amince da bizar karatu iri biyu, mai dogon zango ga masu digiri da masu bincike, da mai gajeren zango ga masu koyon Larabci, horo da musayar ɗalibai. A farkon 2024 aka fara bayar da ita ta dandalin Study in Saudi na ma'aikatar ilimi. Ta wannan dandalin ake neman gurbi a Jami'ar Musulunci ta Madina, Ummul Ƙura ta Makka, Jami'ar Sarki Abdul'aziz ta Jidda, ta Sarki Sa'ud da ta Imam a Riyad, da sauransu.

Jerin matakan shi ne abin da dillalai ke juyawa. Gurbi ne yake haifar da biza, ba biza ke haifar da gurbi ba. Kana gida za ka nema, jami'a ta karɓe ka, sunanka ya bi ta ma'aikatar ilimi, sannan a fitar da izinin bizarka, ka kammala ta a ƙasarka. Ana son fasfo mai sauran rai aƙalla wata shida, takardun makaranta da aka tantance aka fassara, shaidar cewa ba ka da laifi a wurin 'yan sanda, da gwajin lafiya. Ɗan Najeriya ko Nijar kuma kada ya manta da katin rigakafin shawara. Ga mai neman minha, wato gurbin da gwamnati ke ɗaukar nauyinsa, akwai iyakar shekaru: 17 zuwa 25 ga digirin farko da cibiyar koyon Larabci, 30 ga digiri na biyu, 35 ga na uku. Wanda aka taɓa kora daga wata makarantar Saudiyya ba a karɓarsa.

Wannan iyaka ta shekara 25 ba ta yi wa irin yaranmu adalci ba, a ganina. Wanda ya fara da tsangaya, ya haddace, ya yi zaure, sannan ya shiga sakandaren Islamiyya da gemunsa, yakan riƙe takardar gamawa ne shekarunsa sun riga sun tsallake, alhali sau da yawa ya fi na ajinsa Larabci. Sai dai maganin wannan ba shi ne zuwa a rage shekaru a sabon fasfo ba. Ana ɗaukar hoton yatsu a wurin biza da filin jirgi. In ka taɓa zuwa Umara da wani fasfo mai wata ranar haihuwa, na'ura tana tune da kai.

Bizar Umara izinin ibada ce, kwana 90 ne iyakar zamanta tun 2022 da aka ƙara shi daga 30. Ba a mayar da ita igama, wato katin izinin zama a ƙasa, ba a yin rajistar digiri da ita, kuma babu wani malami ko ma'aikacin jami'a, komai kirkinsa, da zai iya sauya mata suna. Na san abin da za a ce: ai wane haka ya shigo a zamanin da, ya zauna a Harami yana karatu har ya samu gurbi. An yi haka, lokacin da komai yake a fayil ɗin takarda. Yau shigarka da fitarka da lambar wayarka da asusun bankinka duk suna rataye a lamba ɗaya a kwamfutar ma'aikatar cikin gida. Zama a halƙar karatu a Masallacin Annabi (SAW) cikin kwanakin da bizarka ta ba ka, wannan ba laifi ba ne. Ranar da wa'adi ya cika ba ka fita ba, sunanka ya koma mukhalif, wato mai karya dokar zama, kuma hukuncin da ma'aikatar cikin gida ta sake nanatawa a 2025 shi ne tarar da za ta iya kai riyal 50,000, ɗaurin da zai iya kai wata shida, sannan kora. Wanda ya ba ka masauki ko ya ɗauke ka aiki ko ya ɓoye ka shi ma yana cikin layi, tararsa tana iya kai riyal 100,000, in baƙo ne a kore shi. Ke nan kawun da ke Shara Mansur a Makka wanda ya ce "zo ka zauna wurina kafin Allah ya kawo mafita" yana jinginar da igamarsa da ta iyalinsa ne saboda kai.

Sai batun kafili, inda ruɗanin ya fi yawa. Gaskiya ne shawarar 2022 ta ɗauke wa mai bizar karatu sharaɗin kawo kafili. Ma'anarta ba sai ka nemo wani ɗan ƙasa ko kamfani ya tsaya maka ba. Mutane sun ji wannan sai suka ɗauka ɗalibi ya zama mai gashin kansa, ya zauna inda ya ga dama, ya yi sana'ar da ya ga dama, ya ci gaba da zama ko ya daina shiga aji. Ba haka ba ne. Dalilin zamanka shi ne sunanka da ke cikin rajistar jami'a. A aikace ma, ɗalibin minha duk harkarsa ta jawazat tana bi ne ta ofishin kula da ɗaliban waje na jami'arsa: fitar da igama, sabunta ta, izinin tafiya hutu. In aka naɗe rajistarka saboda fashin aji, ko makinka ya faɗi aka yi ta gargaɗi har aka sallame ka, ko ma ka kammala lafiya lau, abin da ke biyowa shi ne bizar fita ta ƙarshe, wadda ake kira huruj niha'i. Katin da ke aljihunka ba zai cece ka ba ko da kana ganin da sauran watanni a kansa.

Aiki kuwa, abin da aka rubuta a igamarka shi ne ɗalibi, kuma ɗalibi ba ma'aikaci ba ne a idon doka. Kowa a nan Saudiyya ya san yadda ake yi. Mukafa'ar wata, wato alawus ɗin da ake ba ɗalibi, ba ta kai wa mai iyali, ga 'yan gida suna ganin duk wanda ke Saudiyya riyal yake shara. Sai ka ga ɗalibi yana tsaron shagon dabino bayan Isha'i, ko yana raka alhazai ziyarar Uhudu da Ƙuba a ba shi na goro, ko yana haɗa wa 'yan kano-jidda kayan jallabiya da turare. Ba na zargin kowa, na san abin da ya kai su. Amma baƙon da aka kama yana yi wa kansa sana'a ba da izini ba, hukuncinsa tara ne da kora tun a karon farko, in ya maimaita ya kai har riyal 50,000 da wata shida a gidan yari. Ɗalibin da ke shekarar ƙarshe a kulliyar Shari'a, aka tsare shi a kan cinikin riyal ɗari biyu, shekara huɗu ko biyar ɗinsa ce ta tafi. In an yi maka tayin aikin fassara ko jagoranci a lokacin Hajji, ka tambayi ofishin ɗalibai tukuna, kuma kada ka fara sai ka ga izini a rubuce da sunanka. "Ai kowa yana yi" ba ta fitar da mutum daga motar jawazat.

Sabunta igama shi ne wurin da ake cin mutane tara ba tare da sun yi niyyar laifi ba. Jinkirin farko riyal 500 ne, na biyu 1,000, na uku kora. Kafin ma a kai ga tara, banki yakan daskarar da asusun wanda igamarsa ta mutu, ka sa kati a na'ura ranar da mukafa'a ta shigo ta ƙi ba ka ko riyal ɗaya. Ka riƙa duba ranar ƙarewa a manhajar Absher ta ma'aikatar cikin gida, ka kuma lura ko da Hijiriyya aka rubuta ta ko da Miladiyya, domin shekarar Hijira ta gaza da kusan kwana 11, kuma wannan ratar ta isa ta jefa mutum cikin jinkiri. Fasfo ma yana da hannu a ciki: ba a sabunta igama a kan fasfon da ya mutu, sabunta fasfo kuma a ƙaramin ofishin jakadanci na Jidda ko babban ofishi na Riyad ba aikin yini ɗaya ba ne. Abin da ban ga dacewarsa ba a nan shi ne, wani lokacin takardun suna kwance ne a teburin ma'aikaci, amma wanda asusunsa ke rufewa kuma ake tsayarwa a shingen bincike shi ne ɗalibin. Don haka ka miƙa da wuri, ka riƙe shaidar ranar da ka miƙa.

Tafiya hutu tana buƙatar bizar fita da dawowa, huruj wa auda, kuma tana da ranar da dole ka shigo kafin ta wuce. Biki ko rasuwa ko tsadar tikiti ba sa tsawaita ta. In ka ga ba za ka iya dawowa a kan lokaci ba, ka sanar da jami'a kana gida tun bizar tana da rai.

Hajji ma igama kaɗai ba ta isa ba, sai da tasrihi, wato takardar izinin Hajji, kuma mazaunin ƙasa sau ɗaya ake ba shi a shekara biyar. A 2025 tarar yin Hajji ba izini ta kai riyal 20,000, baƙo kuma a kore shi a hana shi shigowa shekara 10. Ɗaliban Ummul Ƙura su lura da wani bambanci: igamar da aka fitar a Makka tana ba ka damar shiga garin a lokacin da ake tare sauran mazauna a shinge, amma ba ta ba ka damar ɗaura harami ka hau Arfa.

Akwai rukunin da dokar igama ta fi matsa wa, kuma ba kasafai ake maganarsu ba: 'ya'yan Hausawan da aka haifa a Makka da Jidda da Madina. Akwai minha ta cikin gida ga baƙi mazauna ƙasa, amma sharaɗinta igama mai rai. Yaron da kakansa ya zo a ƙafa ta Sudan, aka haifi ubansa a unguwar Misfala ta Makka, shi ma a nan ya buɗe ido, Larabcinsa ya fi Hausarsa, in gidansu ba takarda ba shi da hanyar wannan gurbi. Sai dai ya nemi fasfon ƙasar da bai taɓa gani ba, ya fita, ya nema daga can kamar kowane baƙo, in fitar tasa ba ta zo da haramcin dawowa ba. Doka ce, ba na musu, amma tana hukunta yaro a kan abin da aka yi kafin a haife shi.

Wanda ya riga ya shigo da bizar Umara da niyyar karatu, kwanakinsa ba su ƙare ba tukuna, abin yi a fili yake. Ya yi ibadarsa, in ya samu hali ya leƙa jami'ar ya tambayi sharuɗɗan kulliyar da yake so, ya fita kafin ranar da aka rubuta masa, ya cike neman gurbi daga gida idan aka buɗe dandalin. Neman gurbin minha ba ya bi ta hannun wani ɗan tsakiya, kuma jami'o'in ba su da wakilin da ke sayar da kujera a Kano ko Yamai. Wanda wa'adinsa ya riga ya wuce kuwa, ya nufi ofishin jakadancin ƙasarsa a Jidda ya nemi a daidaita masa hanyar fita.