Eriyar waje ta Wi-Fi ga kwamfutar tafi-da-gidanka

Eriyar waje ita ce wadda ake haɗa wa kwamfutar tafi-da-gidanka domin ta riƙa kama siginar Wi-Fi daga nesa, ko a inda siginar ta yi rauni. Kwamfutar tana zuwa da nata eriyoyin, ƙanana ne da ke ɓoye cikin murfi a gefen allo, da siraran wayoyi da suka gangara zuwa katin Wi-Fi. A cikin ɗaki suna wadatarwa, amma bangon siminti, ƙarfe da ganyen bishiyoyi kan cinye siginar, musamman ta zangon 5 GHz, wadda ba ta kai ta 2.4 GHz ratsa bango ba.

Eriya ba ta ƙirƙirar ƙarfi. Tattara wanda ake da shi take yi ta fuskantar da shi waje guda, kamar yadda madubin cikin tocila ke tattara hasken ƙwai. Ana auna wannan ƙarin da ma'aunin desibel (dB), wanda ake rubutawa dBi idan ana maganar eriya. Ƙarin dB 3 na nufin ƙarfin ya ninka, kuma a fili sai an samu dB 6 kafin nisa ya ninka. Eriya mai siffar 'yar sanda da ke kan yawancin na'urori tana ba da kusan dBi 2 ta kowace kusurwa. Eriyar Yagi, wadda Shintaro Uda da Hidetsugu Yagi suka ƙirƙira a Japan a 1926, gefe ɗaya take kallo. Mai siffar faranti kuwa takan kai dBi 24, sai dai da ta ɗan karkace an rasa siginar. Da irin waɗannan farantan ne masanin sadarwa Ermanno Pietrosemoli ya haɗa tsaunuka biyu masu tazarar kilomita 382 a Benezuwela a 2007. Masu sha'awa kan ƙera tasu eriyar da gwangwani, tunda tsawon igiyar rediyo ta 2.4 GHz santimita 12 da rabi ne kacal, don haka ƙaramin gwangwani kan wadatar.

Hanya mafi sauƙi ita ce sayen adaftar USB mai mazaunin eriya irin na RP-SMA, kamar Alfa AWUS036H ko TP-Link TL-WN722N, a kwance 'yar sandar a ɗaura babba. Ana kuma iya buɗe kwamfutar a jona gajeriyar waya a kan katin, amma mahaɗan waya na U.FL da ke wurin ƙanana ne ƙwarai, ba sa jure yawan cirewa da mayarwa.

A wajen waya ne aka fi yin asara. Wayar eriya ta RG-58 tana zubar da kusan dB 1 a kowace mita a zangon 2.4 GHz, don haka mita goma kan iya lashe duk ribar da eriyar ta kawo. Gara a kai adaftar kanta bakin taga ko saman katanga, a ja wayar USB, wadda ke aiki har mita 5 ba tare da siginar ta ragu ba. Sau da yawa wannan ɗagawar kaɗai ta fi sauya eriya amfani.

Ƙasashe na iyakance ƙarfin da aka halatta a watsa. A Turai, iyakar a zangon 2.4 GHz miliwat 100 ce, har da ƙarin da eriya ke kawowa.