Waiwaye: Yadda masu ciwon asbestos na Afirka ta Kudu suka bi diyyarsu har Landan

A watan Yulin 2000 ne alƙalan Majalisar Dattijan Birtaniya, waɗanda a lokacin su ne kotun ƙoli ta ƙasar, suka yanke cewa dubban mutanen Afirka ta Kudu na da damar gurfanar da kamfanin haƙar asbestos na Cape a Landan kan cutar da ƙurar asbestos ta jawo musu. Ko kusa hukuncin bai ce kamfanin ya yi laifi ba. Wajen shekara uku aka kwashe ana ja-in-ja a kan tambaya guda, wato a wace ƙasa za a saurari ƙarar, alhali masu ƙarar suna ta mutuwa.

Asbestos ma'adini ne mai zare-zare da ba ya cin wuta, shi ya sa aka daɗe ana sa shi a silin, kwanon rufi, bututun ruwa da birkin mota. Matsalarsa ƙura ce. Idan siraran zarensa suka shiga huhu ba sa fita. Ko dai su taurara huhun har numfashi ya gagara, ko su jawo ciwon daji na huhu, ko mesoteliyoma, wata sankara da ke kama tantanin da ya lulluɓe huhu, wadda har yau ba a warkar da ita. Ita wannan takan yi shekara 20 zuwa 50 kafin ta bayyana, kuma wannan jinkirin ne ya fi wahalar da masu neman diyya a ko'ina. Kafin mutum ya fara tari, kamfanin da ya yi wa aiki ya sauya suna, ko ya sayar da mahakar, ko ya bar ƙasar baki ɗaya.

An kafa kamfanin Cape a Landan a 1893 domin haƙar shuɗin asbestos a yankin Prieska da Koegas, cikin lardin da ake kira Arewacin Cape a yau. Daga baya ya mallaki mahakar Penge mai ruwan-ƙasan asbestos a can arewa maso gabashin ƙasar. A shekarun farko aikin na iyali ne: miji ya haƙo dutse, mata da yara su zauna a ƙasa da guduma suna farfasa shi suna zare zaren da hannu. Wani likitan gwamnati, Gerrit Schepers, ya ba da labarin abin da ya gani a Penge a 1949: ƙananan yara a cikin manyan buhuna suna tattaka asbestos da ƙafa yana zubo musu a ka, mai sa ido na tsaye da bulala.

Ba za a ce ba a san haɗarin ba. Tun 1924 wata ma'aikaciyar masaƙa a Rochdale ta Ingila, Nellie Kershaw, ta mutu da ciwon huhun asbestos, kamfaninta ya ƙi biyan ko kwabo. A 1931 Birtaniya ta kafa dokar rage ƙura a masana'antunta. Dokar ta tsaya a bakin teku, ba ta ƙetara zuwa inda ake haƙo kayan ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi ma daga Afirka ta Kudun ta fito. Wani likita a asibitin masu tarin fuka na Kimberley, Sleggs, ya lura cewa wasu majinyata da ke zuwa daga yammacin birnin ba sa jin magani. Shi da wasu likitoci biyu, Wagner da Marchand, suka bi diddigi, a 1960 suka wallafa bayanin mutum 33 masu mesoteliyoma. In ban da guda, dukkansu sun shaƙi shuɗin asbestos, kuma da yawansu ba su taɓa shiga rami ba. Zama kusa da injin niƙa ne kawai, ko wasa a kan tulin shara tun suna yara. Duniya ta karanta wannan bincike, amma haƙa sai ma ƙaruwa ta yi, har ta kai ƙololuwa a 1977. Shekara biyu bayan haka Cape ya sayar da mahakansa ya tattara ya koma gida. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta.

To, ina diyyar gwamnati? Akwai ta a takarda. Dokar 1973 kan cututtukan ma'aikatan ma'adinai ta tanadi biyan kuɗi, har ma ta ba da damar a aika huhu da zuciyar mamaci Johannesburg a duba, idan an ga cutar a biya iyalinsa. Amma a zamanin wariyar launin fata abin da ake ba farar fata ya ninka na baƙar fata sau da yawa, kuma ɗan ci-rani da ya koma ƙauye ya mutu, wa zai cire huhunsa ya aika birni? Matar da ta kamu saboda wankin kayan aikin mijinta kuwa, dokar ba ta san da zamanta ba.

Shi ya sa a 1997 lauyoyin ofishin Leigh Day na Birtaniya, ƙarƙashin Richard Meeran, suka shigar da ƙara a Landan a madadin mutum biyar, shari'ar da aka sani da sunan Lubbe, ɗaya daga cikin masu ƙarar. Dabarar ita ce a bar rassan da suka riga suka watse a kama uwar kamfanin, tunda daga Landan ake tsara aiki kuma can ribar take zuwa. Cape ya ce a'a, shaidu da takardu da majinyata duk suna Afirka ta Kudu, can ya kamata a je. A fuska maganar tana da ma'ana. A ƙasa kuwa kowa ya san cewa komawa can na nufin mutuwar ƙarar, domin hukumar tallafin shari'a ta ƙasar ta daina ɗaukar nauyin irin waɗannan ƙararraki, kuma babu lauyan da zai iya ciyar da shari'ar dubban talakawa daga aljihunsa. Gwamnatin Afirka ta Kudu da kanta ta shigo ta goyi bayan a yi a Landan. A kan wannan alƙalan suka tsaya: tura su gida daidai yake da hana su adalci.

Masu ƙara suka ƙaru har suka kai kusan 7,500. A ƙarshen 2001 aka yi sulhu a kan fam miliyan 21, da tanadin asusu don waɗanda ciwon zai bayyana musu nan gaba. Cape ya shiga matsalar kuɗi, bai biya ba. Aka sake zama, a 2003 aka ƙare a kan fam miliyan 7.5 daga Cape, Gencor, wani kamfanin haƙar ma'adinai na Afirka ta Kudu, ya ƙara sama da miliyan 3. Mai karatu ya raba ya gani: kason Cape bai wuce fam dubu ɗaya a kan kowane mutum ba, kuma ɗaruruwa sun rasu kafin kuɗin ya iso. A ganina babbar asarar ita ce faɗuwar wancan tanadi na gaba. Cutar da ke jiran shekara 40 ba a rufe littafinta rana ɗaya.

Sulhun da aka yi a cikin gida ya fi wannan tsari. Lauya Richard Spoor ya tare Gencor a daidai lokacin da kamfanin ke shirin raba kadarorinsa ga masu hannun jari ya rufe. Da an bari an raba, da babu wanda za a kama. Aka cimma kusan rand miliyan 460, aka kafa asusun amana a 2003 wanda ke ci gaba da karɓar sabbin majinyata. A 2006 aka kafa wani na biyu mai sunan Kgalagadi, da kuɗin ɓangaren kamfanin Eternit na Suwizalan. Amma kowane asusu na da iyaka: sai ka nuna ka yi aiki a mahakar kaza tsakanin shekara kaza da kaza, ko ka zauna kusa da ita. Nan ma takarda ake tambayar mutumin da ba a taɓa ba shi takardar ɗaukar aiki ba. Afirka ta Kudu ta haramta asbestos gaba ɗaya a 2008, aikin binne tsofaffin tulin shara a yankin Kuruman da Penge kuwa ya faɗa wuyan gwamnati.

Tambayar da sulhun ya hana a amsa, ko uwar kamfani na ɗaukar alhakin abin da reshe ya yi, sai a 2012 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta ce e, a wata shari'a da wani tsohon ma'aikaci ɗan Ingila, Chandler, ya yi da wannan Cape ɗin. Ta wannan hanya manoman Zambiya suka samu izinin ƙarar kamfanin haƙar ma'adinai na Vedanta a Landan a 2019. A 2021 kuma kotun ƙolin Birtaniya ta ba al'ummomin Ogale da Bille na jihar Ribas damar ci gaba da ƙarar Shell a can kan malalar mai, bayan fiye da shekara biyar ana jayayya a kan ko kotun Ingila za ta saurare su.