Linkis a hannun riga: tambayoyin da ake yawan yi

Wai mi ne ne linkis, daga ina kuma ya zo?

Maɓallin hannu ne wanda ba a ɗinke shi jikin riga ba, zura shi ake yi ta rami a maƙale. Turawa suka fara, tun ƙarni na 17 manyan Faransa da Ingila na sa shi, amma sai a ƙarni na 19 ya bazu, lokacin da ake zuba wa hannun riga sitaci ya yi tauri har maɓalli ya ƙi shiga rami. Mu kuma muka ɗora wa kaftani, yanzu in ka kai wa tela shadda zai tambaye ka, "Alhaji hannun linkis ko buɗaɗɗe?"

Kowace riga ake sa wa?

A'a. Sai wadda aka yi wa rami gefe da gefe. Kaftani rami biyu ne a kowane hannu. Shat ɗin kwat kuwa mai hannun Faransa naɗewa ake yi, ramuka huɗu su hau juna sannan a zura. Bakin hannun haɗe su ake yi kamar tafi, ba a ɗora ɗaya kan ɗaya, adon kuma ya kalli waje.

Wane iri ya fi dacewa da ma'aikaci a Sakkwato?

Nan fa magana take. Masu tallar linkis ba su san alwala ba. Azahar da La'asar duk a ofis suke samunka, sai ka cire ka naɗe hannu har gwiwar hannu, ka gama ka mayar da shi da hannu ɗaya alhali liman ya kusa ruku'u. Mai sarƙa a tsakiya yana da kyau amma wallahi sai ya ba ka haushi. Sayi mai ɗan ƙarfen nan da ake juyawa ya gicciye, daƙiƙa biyu ka gama. Kuma aljihu za ka jefa shi, kada ka aje bakin famfo, ni haka na yi asarar ɗaya a masallacin wurin aikinmu, ruwa ya ja shi cikin kwata ina kallo, na ƙarasa yinin da hannu ɗaya a naɗe kamar mai shirin dambe.

Sai zufa. A watan Afrilu zafi na wuce digiri 40, mai arhan nan da aka shafa wa ruwan gwal sati kaɗan zai koɗe ya bar maka kore a farar shadda. Na ƙarfe marar tsatsa ya fi amana.

Na zinari fa?

Ga namiji Musulmi zinari haramun ne, wannan ba gardama. Mata kam ya halatta gare su.

To mata na sawa ke nan?

Sosai, musamman lauyoyi masu farar shat da baƙar kwat, da ma'aikatan banki. Ƙarami marar tsini ya fi, don mai duwatsu yana kama mayafi ya ja zare. In kin sa awarwaro da agogo a hannu ɗaya, ki rage ɗaya Hajiya, ƙarar na yawa kan tebur.

Dole launinsa ya dace da agogo?

Ba dole ba ne, amma fari da fari ya fi daɗin gani. Ni dai hula nake fara dubawa kafin agogo.