Avicii

Tim Bergling, wanda duniya ta sani da Avicii, mai haɗa kiɗa ne kuma DJ ɗan ƙasar Suwidin. An haife shi a birnin Stockholm ranar 8 ga Satumba, 1989, ya rasu a Maskat, babban birnin Oman, ranar 20 ga Afrilu, 2018, yana da shekara 28. Yana cikin waɗanda suka fito da kiɗan rawa na kwamfuta daga gidajen rawa suka kai shi gidajen rediyo da manyan filayen wasa. Ba shi yake rera waƙoƙinsa ba. Aikinsa tsara karin sauti da haɗa kiɗa, sannan ya nemo muryar da za ta hau kai.

Tasowarsa

Mahaifiyarsa, Anki Lidén, sananniyar 'yar wasan kwaikwayo ce a Suwidin, mahaifinsa Klas Bergling kuma ɗan kasuwa. Yana ɗan shekara 16 ya fara haɗa kiɗa a ɗakinsa da manhajar FL Studio, yana ɗora abin da ya haɗa a intanet don masu sana'ar su saurara su yi masa gyara. Sunan Avicii ya samo shi ne daga Avici, mataki mafi ƙasa na gidan azaba a addinin Buddha. A 2008 ya ci wata gasar sababbin masu haɗa kiɗa da Pete Tong, mai gabatar da shirye-shirye a rediyon BBC, ya shirya, kuma a wannan shekarar ya haɗu da Arash Pournouri, wanda ya zama manajansa har zuwa ƙarshen 2016. Waƙarsa ta farko da ta tsallaka iyaka ita ce "Seek Bromance" ta 2010, wadda ya fitar a ƙarƙashin sunan Tim Berg.

Salon kiɗansa

Kiɗan da ake kira house, wanda shi ne salon Bergling, yana tafiya ne bisa bugun ganga ɗaya da ba ya sauyawa, kusan sau 125 zuwa 130 a minti. Mai haɗawa yakan janye gangar, ya bar sauti yana hawa a hankali har masu rawa su ƙosa, sai ya sako komai gaba ɗaya. Kowa a sana'ar ya iya wannan. Inda Bergling ya yi wa sa'o'insa zarra shi ne kari: gajeren layin sauti da mutum zai ji sau ɗaya ya wuni yana maimaita shi a baki.

"Levels", wadda ta fito a Oktoba 2011, ita ce shaidar haka. Kusan duk waƙar ba magana a cikinta, sai wani ɗan yanki na muryar mawaƙiyar Amurka Etta James da ya ɗauko daga waƙarta ta 1962, "Something's Got a Hold on Me". Abin da dubban mutane suke rerawa a wajen wasa karin kiɗan ne da kansa. Waƙar ta zo ta ɗaya a Suwidin, ta huɗu a Birtaniya, ta kuma shiga takarar lambar yabo ta Grammy, babbar lambar yabon waƙa ta Amurka. Kafin ita, "Sunshine" da suka yi da DJ ɗan Faransa David Guetta ta taɓa shiga wannan takara. Bai ci ko ɗaya ba.

Daren Miami da "Wake Me Up"

A Maris 2013, a bikin kiɗa na Ultra na birnin Miami a Amurka, Bergling ya yi abin da ba a saba gani ba. Jama'a sun taru suna jiran ganga da hasken fitilu, sai ga shi ya hau da makaɗa masu jita da banjo, wani abin kiɗa mai tsirkiya da ya yi kama da gurmi, suka shiga kiɗa irin na mutanen karkarar Amurka. Wasu suka yi ta ihun ba ma so, aka kuma yi masa ca a shafukan sada zumunta.

Wata uku bayan haka ɗaya daga cikin waƙoƙin wannan dare ta fito. Ita ce "Wake Me Up", wadda ya rubuta tare da mawaƙi Aloe Blacc da makaɗin jita Mike Einziger. Ta zo ta ɗaya a ƙasashe sama da 20, ta kai ta huɗu a jadawalin Billboard na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka. Kundinsa na farko, True, ya biyo baya a Satumba, ɗauke da "Hey Brother" da muryar Dan Tyminski. Masu sukarsa sun ce ya sassauta kiɗan don ya shiga kasuwa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a zancen, sai dai bayan shekara biyu ko uku haɗa jita da kiɗan kwamfuta ya zama ruwan dare.

Daga nan manya suka riƙa nemansa. Ya yi taken gasar waƙoƙin Turai ta Eurovision ta 2013 tare da Benny Andersson da Björn Ulvaeus na ƙungiyar ABBA, ya sa hannu a "A Sky Full of Stars" ta ƙungiyar mawaƙa ta Coldplay, da taken gasar cin kofin duniya ta 2014 a Brazil tare da Carlos Santana da Wyclef Jean, ya kuma yi aiki da Madonna. Kundinsa na biyu, Stories, ya fito a Oktoba 2015.

Rashin lafiya da barin dandamali

Bergling mutum ne mai kunya wanda ya fi sakewa a sitidiyo. Shi da kansa ya sha faɗin cewa fargabar hawa dandamali ce ta sa ya fara shan giya kafin wasa. Yawon wasannin kuwa ba hutu: yau wannan nahiya, gobe waccan, barci a jirgi. A Janairu 2012 aka kwantar da shi kwana 11 a asibiti a New York saboda kumburin fankiriyas, sashen ciki da ke taimaka wa narkar da abinci, ciwon da aka danganta da yawan shan giya. Ciwon ya sake tasowa a Ostireliya a 2013. A Maris 2014 aka yi masa tiyata a Miami, aka cire masa matsarmama da afendis. Magungunan kashe raɗaɗi masu ƙarfi da aka rubuta masa suka zama wata sabuwar matsala, don jikinsa ya saba da su.

A Maris 2016 ya sanar cewa ya daina yawon wasa, bayan wasanni sama da 800. Na ƙarshe ya yi shi ne a tsibirin Ibiza na Sifaniya ranar 28 ga Agusta. Bai bar haɗa kiɗa ba. A Agusta 2017 ya fitar da ƙaramin kundi, Avīci (01), mai ɗauke da "Without You" da "Lonely Together". A wannan shekarar fim ɗin Avicii: True Stories na Levan Tsikurishvili ya nuna shi a gadon asibiti da bayan dandamali, a rame, yana ta maimaita cewa ya gaji.

Rasuwarsa

Ya je hutu ne Oman lokacin da ya rasu. Hukumomin ƙasar sun ce babu hannun kowa, daga baya aka tabbatar cewa shi ya kashe kansa. Ya bar waƙoƙi da dama da ya kusa kammalawa, waɗanda abokan aikinsa suka ƙarasa aka fitar a kundin Tim a Yuni 2019.

A wannan shekarar iyayensa suka kafa Gidauniyar Tim Bergling, wadda ke aiki kan lafiyar ƙwaƙwalwar matasa da rigakafin kisan kai, aka kuma yi babban wasan tunawa da shi a filin Friends Arena da ke kusa da Stockholm ranar 5 ga Disamba don tara mata kuɗi. A Mayu 2021 aka sauya wa Globen, katafaren zauren nan mai siffar ƙwallo da ke Stockholm, suna zuwa Avicii Arena. A Fabrairu 2022 kuma aka buɗe gidan tarihi na Avicii Experience a tsakiyar birnin, inda aka sake gina ɗakinsa na ƙuruciya da sitidiyonsa na Los Angeles.