Kakar 2019 ta Ƙungiyar LSU Tigers

LSU Tigers ƙungiyar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka ce ta Jami'ar Jihar Louisiana da ke birnin Baton Rouge. A kakar 2019 ta buga wasa 15, ta ci duka, ta ɗauki kofin SEC, wato rukunin jami'o'in kudu maso gabashin Amurka, da kofin ƙasa na jami'o'i. Maki 726 ta tara, kuma bakwai daga cikin ƙungiyoyin da ta doke suna cikin goman farko a jerin ƙungiyoyin jami'o'in ƙasar a lokacin da aka haɗu. Shi ya sa masu sharhi da yawa ke sa ta a sahun gaba idan ana lissafin ƙungiyoyin jami'a mafi ƙarfi a tarihi.

Kafin wannan kaka, an san LSU da tsaro mai tauri da gudu da ƙwallo a hannu, jifa kuwa ba ta shahara a kai ba. Koci Ed Orgeron ne ya sauya akala. Ya ɗauko matashi Joe Brady daga ƙungiyar ƙwararru ta New Orleans Saints, ya haɗa shi da Steve Ensminger mai tsara kai hari. Sabon salon ya baza masu cafe ƙwallo a faɗin fili, ya bar wa mai jifa zaɓin inda zai aika ta.

Mai jifan shi ne Joe Burrow, wanda ya baro jami'ar Ohio State a 2018 saboda bai samu gurbi ba. Shekararsa ta farko a LSU ba yabo ba fallasa. A ta biyu kuwa ya yi jifa na yadi 5,671, da tacdawun 60, wato kai ƙwallo ƙarshen filin abokan karawa, wanda ke kawo maki shida. Ya lashe kyautar Heisman, ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekara, da tazarar ƙuri'u mafi girma a tarihinta. Ba shi kaɗai ba ne: Ja'Marr Chase ya cafe na yadi 1,780, Justin Jefferson ya cafe ƙwallo 111, Clyde Edwards-Helaire kuma yana kutsawa ta ƙasa.

An fara gane cewa da gaske ake yi ranar 7 ga Satumba, da suka ci Texas 45–38 a gidanta a Austin. Auburn ce ta fi ba su wuya, aka tashi 23–20. Amma wasan da magoya baya suka fi ji a rai shi ne na 9 ga Nuwamba a Tuscaloosa, gidan Alabama. Alabama ta koci Nick Saban ta doke su sau takwas a jere kafin ranar. Wannan karon LSU ta yi nasara 46–41.

Daga nan abin ya zama kamar yankan kabewa. Georgia ta sha kashi 37–10 a wasan ƙarshe na SEC a Atlanta. A wasan kusa da na ƙarshe na ƙasa, Oklahoma ta faɗi 63–28, inda Burrow ya jefa tacdawun bakwai tun kafin hutun rabin lokaci, huɗu a hannun Jefferson.

An buga wasan ƙarshe ranar 13 ga Janairu 2020 a filin Superdome na New Orleans. Clemson, mai riƙe da kofin, ta zo da nasara 29 a jere, har ta shiga gaba 17–7, kafin LSU ta farfaɗo ta gama da ita 42–25. Kofi na huɗu ke nan ga jami'ar, bayan na 1958 da 2003 da 2007, kuma ukun ƙarshe duk a New Orleans aka ɗaga su.

Tawagar ba ta daɗe ba. Ƙungiyoyin gasar ƙwararru ta NFL sun zaɓi 'yan wasanta 14 a 2020, Cincinnati Bengals ta ɗauki Burrow na farko. Brady ya koma Carolina Panthers, Dave Aranda mai tsara tsaro ya zama kocin Baylor. A kakar da ta biyo baya LSU ta ci biyar, aka ci ta biyar, kuma Orgeron ya bar aiki a ƙarshen 2021.