Waiwaye: Yadda Finafinai Suka Bi Soja Daga Fagen Fama Har Cikin Gidansa

A yau an saba ganin fim ɗin yaƙi da ke barin fagen daga ya shiga gida, ya nuna soja ya zuba wa bango ido matarsa na satar kallonsa. An daɗe kafin a kai nan, domin likitoci da hukumomin soja sun shafe fiye da shekara 60 suna ja-in-ja a kan ko abin da ke damun irin wannan mutum ciwo ne ko kuwa ragwantaka ce kawai.

A Yaƙin Duniya na Ɗaya ne matsalar ta fito fili, lokacin da dubban sojoji suka riƙa fitowa daga ramuka suna makyarkyata, wasu sun kurmance, wasu sun bebance, alhali ko ƙwarzane babu a jikinsu. A 1915 wani likitan sojan Birtaniya, Charles Myers, ya yi rubutu a mujallar The Lancet inda ya alaƙanta lamarin da fashewar harsashin igwa. Hafsoshi da dama ba su gamsu ba. Birtaniya ta harbe sojoji 306, nata da na ƙasashen da ke ƙarƙashinta, bisa laifuffuka irin su gudu daga fagen fama, kuma sai a 2006 aka yi musu afuwa. Har a 1943 Janar George Patton na Amurka ya mari sojoji biyu a asibitocin tsibirin Sisili na Italiya, yana zarginsu da tsoro.

Shekarar 1946 ce ta fi cancantar a tsaya a kanta, saboda finafinai biyu da makomarsu ta sha bamban. Na farko, Let There Be Light, rundunar sojan Amurka ce ta sa daraktan fim John Huston ya ɗauka a wani asibiti, da marasa lafiya na gaske. Da hukumomi suka ga abin da ke ciki sai suka hana nuna shi, da hujjar kare sirrin majinyata, kuma bai fito ba sai a 1980. Na biyu, The Best Years of Our Lives na William Wyler, ya lashe kyaututtukan Oscar bakwai. Labarin mutum uku ne da suka dawo gari ɗaya, ɗayansu yana ihu cikin barci, ɗayan kuma ba shi da hannuwa. Harold Russell, wanda ya fito a wannan matsayi, tsohon soja ne da ya rasa hannuwansa da gaske. Akwai inda yake cire ƙugiyoyin da ke madadin hannuwan a gaban budurwarsa, don ta gani da idonta cewa idan aka rufe ƙofar ɗakin ba zai iya buɗewa ba sai an zo an taimake shi. Duk da haka, fim ɗin ya ɗora wa mace aikin zama magani: mai haƙuri ita ce ta kirki, wadda ta gaji kuwa ita ce mai laifi. Ba a cika tambayar abin da haƙurin ke ci mata ba.

Yaƙin Biyetnam ne ya sauya lissafi. Tsofaffin sojoji da wasu likitocin ƙwaƙwalwa sun matsa lamba har ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta amince a 1980 cewa firgicin da ke biyo bayan mummunan tashin hankali ciwo ne mai zaman kansa. Finafinan wancan zamani sun taimaka wajen wayar da kai, amma kuma su ne suka yaɗa hoton tsohon soja a matsayin bam mai jiran fashewa, alhali mafi yawan masu wannan ciwo ba sa cutar da kowa. Abin da ya fi addabarsu shi ne rashin barci, zabura idan an buga ƙofa, da janye jiki daga mutane.

A zamanin yaƙe-yaƙen Afganistan da Iraƙi iyali sun ƙara zama tsakiyar labari. Fim ɗin Brødre da Susanne Bier ta Denmak ta shirya a 2004, wanda aka sake yi a Amurka a 2009 da sunan Brothers, ya nuna hafsan da aka zaci ya mutu, ashe yana hannun abokan gaba waɗanda suka tilasta masa kashe wani soja abokin aikinsa. Ya dawo da wannan sirri a cikinsa, yana zargin matarsa da ƙaninsa, 'ya'yansa mata biyu suna ɗari-ɗari da shi, har ya kai ga farfasa kicin ɗin da aka gyara bayan tafiyarsa. A nan ba tsoron mutuwa ne ke cin sa ba, nauyin abin da ya aikata da hannunsa ne, wanda likitan ƙwaƙwalwa Jonathan Shay ya kira raunin lamiri. Fim ɗin ya ƙare ne a daidai lokacin da mijin ya fara faɗa wa matarsa abin da ya faru, kuma ba a nuna wa mai kallo abin da ya biyo baya ba.